Lauje Mai Sarƙa: Yadda Mutanen Japan Suka Koyar da Makamin da Bai San Mai Shi Ba

Daga cikin makaman da mutanen Japan suka gada daga magabatansu akwai wani mai ban al'ajabi da suke kira kusarigama, wato lauje mai sarƙa. Lauje ne mai ƙotar itace, an ɗaura masa doguwar sarƙa, a ƙarshenta kuma an maƙala curin ƙarfe wanda bai cika tafin hannu ba. Mai riƙe da shi yakan yi ta juya curin nan kamar yadda yaro mai gadin gero ke juya majajjawa, har sa'ad da ya ga faraga, sai ya sake shi ya fasa goshin abokin gaba, ko ya nannaɗe masa takobi ko wuyan hannu, sa'an nan ya matso ya gama da shi da laujen. To, mas'alar da ta dami malaman wannan fanni tun farko ita ce, takobi inda aka nufa da shi nan yake sara, amma curin da ke bakin sarƙa bai san mai shi ba, domin idan ya kuskure abin da aka jefa, ko ya bugi wani abu ya dawo, haƙoran mai jifan da idanunsa su ne mafi kusa da shi.

Malaman tarihi sun fi karkata ga cewa makamin ya bayyana a zamanin Muromachi, tsakanin 1336 da 1573, lokacin da sarakunan yanki ke ta yaƙar juna. Makarantar Isshin-ryu, wadda tana cikin waɗanda suka fi shahara da shi, tana kai silsilarta ga wani malamin addinin Buddha na ƙarni na 14 mai suna Nen Ami Jion. Akwai kuma riwayar da ta fi yawo a bakin jama'a, cewa manoma ne suka ƙirƙiro shi bayan da mai mulkin ƙasar na lokacin, Toyotomi Hideyoshi, ya ba da umurni a 1588 a karɓe takubba daga hannun talakawa. Riwaya ce mai daɗin ji, amma ni ban ga ƙarfin hujjarta ba, domin laujen Isshin-ryu miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, tsawonsa kimanin santimita 30, yana da garkuwar ƙarfe da ke kare yatsu, sarƙarsa kuwa ta kai mita 3.6, kuma duk wanda ya taɓa yankan shinkafa ya san ba don gona aka ƙera irin wannan ba.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne zaman lafiya. Da gidan Tokugawa ya karɓi mulki a 1603, aka shiga shekaru fiye da 250 waɗanda galibinsu na zaman lafiya ne, sai ya zamana jarumai suna da wajibin sanin makami alhali babu fagen daga da za su koye shi, kuma ba wani basarake da zai yarda barorinsa su riƙa nakasa juna a cikin gida. Masu takobi su suka fara nuna hanya. Tun a ƙarni na 16 Kamiizumi Nobutsuna ya tsaga gora ya sa ta cikin kube na fata domin almajirai su bugi juna ba tare da karaya ba, a farkon ƙarni na 18 kuma Naganuma Shirozaemon ya inganta kwalkwali da safar hannu da makarin ƙirji na koyo. Masu lauje da sarƙa suka bi wannan tafarki da tasu hikimar: aka sassaƙa laujen gaba ɗaya da itace, aka sa igiya a gurbin sarƙa, curin ƙarfe kuma aka musanya shi da 'yar jakar fata da aka cusa wa abu mai laushi, ta yadda idan ta sauka a kunnen mutum zai ji zafin da zai sa ya tuna kuskurensa, amma zai koma gida da kunnensa.

Sai dai kayan itace su kaɗai ba su isa ba, domin takobin itacen da abokin koyo ke riƙe da shi yana iya fasa ƙoƙon kai. Saboda haka aka tsara darasin cikin abin da suke kira kata, wato jerin motsi da aka ƙayyade tun daga takun farko har na ƙarshe, mutum biyu suna fuskantar juna, kowa ya san abin da ɗan'uwansa zai yi. A Isshin-ryu akwai 12 da ake kira omote da wasu 12 da ake kira ura, waɗanda ma'anarsu ta yi daidai da abin da muke cewa zahiri da baɗini, kuma ba a buɗe wa almajiri na biyun sai ya ƙware a na farkon. Abin da ya fi ƙayatar da ni a cikin wannan tsari, wanda kuma nake ganin shi ne ginshiƙin amincinsa, shi ne rabon matsayi: babba, wato malami ko wanda ya daɗe a makaranta, shi ke ɗaukar takobi ya kawo sara, shi ake jifa, shi ake nannaɗe wa hannu, shi ake ɗora wa lauje a wuya, alhali ƙaramin shi ne mai nasara a kowane darasi. Dalili kuwa a fili yake, domin wanda ya san inda curi zai bi tun kafin ya bar hannu shi ne zai iya ja da baya rabin taku idan yaro ya yi gaggawa, ya rage saurin saransa idan ya ga igiya ta harɗe ƙafar almajiri, ya ƙara shi kaɗan kaɗan gwargwadon yadda hannun yaron ke nuna.

Bayan wannan akwai sharaɗin lokaci. A makarantar Shinto Muso-ryu, wadda ta yi ƙarnuka a ƙasar Kuroda ta yankin Fukuoka, kuma ta riƙe ilmin Isshin-ryu a matsayin reshe, ba a miƙa wa mutum lauje sai ya shekara da shekaru yana koyon sanda mai tsawon santimita 128, har ya san tazara da ƙafarsa ba da idonsa kaɗai ba. Ijaza kuwa mataki mataki ake ba da ita a rubuce, mafi girmanta ita ce menkyo kaiden, kuma a makarantu da dama sabon shiga yakan yi rantsuwa ya sa hannu da jininsa cewa ba zai koyar ba tare da izini ba, ba zai kuma tsokani faɗa da abin da ya koya ba.

Da mulkin Tokugawa ya faɗi a 1868, aka kuma hana yawo da takobi a 1876, malamai da yawa suka rasa abin yi. Tun a 1873 wani malamin takobi, Sakakibara Kenkichi, ya fara shirya wasannin karawa a Tokiyo inda jama'a ke biyan kuɗi su yi kallo, aka riƙa fito da masu lauje da sarƙa cikin kayan kariya suna karawa da masu takobin gora. Makarantar Tendo-ryu, wadda mata suka yawaita a cikinta, ita ma ta adana nata darussan laujen. A wajen 1930 malamin Shinto Muso-ryu Shimizu Takaji ya tashi daga Fukuoka ya koma Tokiyo, ya koyar da 'yan sanda, kuma bayan an ɗage takunkumin da Amurka ta sa wa wasannin yaƙi a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ya karɓi almajirai daga ƙasashen waje, cikinsu har da Ba'amurke Donn Draeger, wanda ya rubuta littattafai a kan waɗannan fannoni.

Amma a ƙasashen Turai majigi ma ya yaɗa makamin. Finafinan ninja na shekarun 1980 sun sa samari suna sayen lauje mai sarƙa na ƙarfe ta gidan waya suna juya shi a bayan gida, babu igiya, babu jakar fata, babu babban da zai tsaya a gabansu, har ta kai ga hukumar Ingila ta sanya kusarigama da sunansa cikin jerin makaman da ta haramta ƙerawa da sayarwa da shigowa da su a dokar 1988. A Japan kuwa, ranar 3 ga Nuwamba ta kowace shekara tsofaffin makarantu na taruwa a harabar wurin ibada na Meiji da ke Tokiyo, kowace ta fito bisa ciyawa ta nuna darussanta kamar yadda ta karɓe su, dattijo riƙe da takobin itace yana kawo sara, almajirinsa na juya igiya.