Samariya, Fada da Ƙungiya: Tarihin Haɗin Kan Matasan Damargu

 

Duk wanda ya shigo ƙungiya ya tarar da rajista da katin zama mamba da ranar taro, sai ya ɗauka yau aka fara wannan abu. To, ba yau ba ne. Kafin a san takarda da hatimi, kakanninmu na ƙasar Damargu suna da tsarin da ke tara samari wuri guda, ya ba su aiki, ya koya musu zaman duniya. Tunda bikin tunawa muke yi, ya kamata mu waiwaya mu ga inda aka fito, don waiwaye adon tafiya ne.

Ƙasar hatsi, hanyar ayari

Damargu ita ce ƙasar da yau ta ƙunshi gundumomin Tanut da Balbeji, a arewacin jihar Damagaram. Da gunduma ɗaya ce, sai a shekarar 2011 aka cire Balbeji, wato ƙasar Tarka, ta tsaya da ƙafarta. Tun zamanin da, nan ne rumbun hatsin arewa. Ayarin raƙuma da ke tasowa daga Abzin zuwa Damagaram da Kano ta nan yake ratsawa, ya sauke gishiri da dabino, ya ɗauki hatsi. Dagirawa da Hausawa da Buzaye da Fulani duk sun zauna a wannan ƙasa, manomi da makiyayi suna shan rijiya guda.

Amma ƙasa ce mai wuyar sha'ani. Damina gajera ce, rijiyoyi masu zurfi ne, gonaki kuma masu faɗi. Idan ruwa ya sauka, kwanakin shuka da na noman fari ƙidayayyu ne, wanda ya makara ya yi asarar shekara. Mutum ɗaya da iyalinsa ba su iya cin ƙarfin aikin. Wannan larura ce ta haifi gayya, gayya kuwa ba ta yiwuwa sai da samari masu shugaba.

Sarkin samari da jama'arsa

A garuruwan ƙasar Hausa, samarin gari suna da ƙungiyarsu da ake kira samariya. Shugabanta shi ne sarkin samari, 'yan mata su ma suna da tasu shugabar. Sukan kwaikwayi sarautun fada: wannan waziri, wancan galadima, ga alƙali mai yanke tara. Kamar wasa ne, amma a cikin wasan nan yaro ke koyon yin magana a gaban jama'a, da karɓar umarni, da riƙon amanar kuɗin taro.

Aikinsu a bayyane yake. In maigari ya kira gayya, ko wani dattijo ya gaza, ko mace ta rasa mijinta ga gona ta cika da haki, sarkin samari ake faɗa wa. Da sassafe za a fito da hauya, makaɗi na biye yana zuga, mai gona ya tanadi fura. Kafin azahar an gama abin da zai ci mutum ɗaya mako biyu. Su ke yashe rijiya, su ke gyaran maƙabarta da yaɓen masallaci, su ke tarbar baƙi in ana biki ko kokawa bayan kaka. Wanda ya ƙi fitowa ba dalili, a ci shi tara. In ya yi taurin kai, ranar aurensa ya nemi abokan ango ya rasa. Kun ga ke nan horon ba na sanda ba ne, na kunya ne, kuma ya fi sanda ciwo.

Da Nasara suka zo, bayan sun kama Damagaram a 1899, sai suka tarar da tsari a shirye. Lokacin aikin tilas, ƙarfin samari ne aka kwasa don gyaran hanyoyi da ɗaukar kaya. A shekarun 1950 kuma, da siyasa ta kunno kai, jam'iyyun RDA da Sawaba kowace ta nemi jan samari gefenta. Tun daga nan samariya ta fara gane cewa duk mai mulki yana sha'awar ƙarfinta.

Zamanin Kunce

Abin da iyayenmu suka fi tunawa shi ne samariyar zamanin Seyni Kunce. Ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ƙasa na cikin fari da yunwa, dabbobi sun mutu, rumbuna sun ƙare. Ya haramta jam'iyyun siyasa, sai ya zamana yana bukatar wata hanya ta isa ga talakawa. Ya ɗauko samariya ya farfaɗo da ita, aka kafa ta a kowane gari da kowace unguwa, da shugabanni tun daga ƙauye har zuwa Yamai. Daga baya aka mai da ita ɗaya daga cikin ginshiƙai biyu na tsarinsa na raya ƙasa, ɗayan kuwa ƙungiyoyin haɗin gwiwar manoma.

Gaskiya an yi aiki. Samari sun buga tubali sun gina azuzuwan lakwal, sun yi gonakin gama kai, sun share kasuwanni da tituna. Daga 1975 ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, ta zama ranar dashen itatuwa, kuma samariya ce ke gaba wajen haƙa rami da ban ruwa. A wannan shekara aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa. A 1976 aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a birnin Damagaram, inda kowace jiha ta kawo 'yan wasanta na waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Saurayin da bai taɓa wuce kasuwar garinsu ba sai ga shi ya ga 'yan uwansa na Difa da Doso. Da fari ya sake dawowa a 1984, yunwar da mutane suka laƙaba wa suna El Buhari, gwamnati ta matsa a kan noman rani, nan ma samari aka kira.

Sai dai tarihi ba ya son a faɗi rabi a bar rabi. Samariyar nan daga sama ake juya ta. Umarni daga hukuma yake zuwa, wani lokaci aikin da ake kira na sa kai ba a isa a ƙi shi ba. Yawancin ranakun fitowa na tarbar manyan baƙi ne, a jera yara a rana ana tafi. A wurare da dama sarkin samarin ma dattijo ne mai furfura, wanda ya fi kusa da hukuma a kan samarin da yake shugabanta. Saboda haka da Kunce ya rasu ranar 10 ga Nuwamba 1987, sannan Babban Taron Ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, sai samariya ta saki. Abin da aka jingina da bango, in bangon ya faɗi, tare suke tafiya.

Shayi a bakin titi

Shekarun 1990 sun zo da rashin aiki, da yajin aikin malamai, da shekarun karatu da suka lalace. A 1994 aka karya darajar kuɗin sefa, kaya suka yi tsada. A wannan yanayi ne fada ta yaɗu, kuma Damagaram na cikin wuraren da ta fara ƙarfi. Samari su shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, su ɗora shayi a kan gawayi, su raɗa wa zamansu suna, su zaɓi shugaba da ma'aji. Sunan ma daga fadar sarki aka aro shi, kamar yadda samariya ta ari sarautu.

Manya da yawa sun ɗauki fada matattarar zaman banza. Wasu fadodin sun cancanci zargin, don ta nan ƙwaya irin su taramol ta sami hanya. Amma wasu sun yi abin kirki: asusun taimakon mamba in ya yi aure ko rashin lafiya, gadin unguwa da dare, kwashe shara, cike ramukan hanya. Bambancinta da samariya shi ne babu wanda ya kafa ta daga sama. Samari suka yi abinsu. Rauninta kuwa, ba ta da gona, ba ta da sana'a, hira ta fi aiki yawa.

A daidai wannan lokaci 'yancin kafa ƙungiyoyi ya ba da dama aka yi ƙungiyoyin matasa masu rajista, na addini da na raya karkara, da makarantun dare na manya. Mata ma ba a bar su baya ba: tsarin asusu na Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maradi a 1991, ya nuna cewa da 'yan dalolin mako-mako ana iya tara jari. Bayan ƙarancin cimaka na 2005, wanda ya taɓa Tanut sosai, bankunan cimaka sun ƙaru a ƙauyuka, kuma kowane banki yana neman wanda ya iya rubutu da lissafi.

Abin da ya rage gare mu

Yau matashin Damargu yana tsaye a mararraba. Ga matatar mai ta SORAZ a Bakin Birji, cikin gundumar Tanut, tana aiki tun 2011, amma wanda ba shi da takarda ko sana'ar hannu sai dai ya hango hayaƙi. Ga hanyar Agadas da ke kiran samari zuwa Libiya da Aljeriya, ko ramukan zinariya na Jado tun 2014. Wasu sun dawo da abin hannu, wasu har yau iyayensu na sauraron waya.

To, me tarihin nan ya koya mana? Samariyar gargajiya ta daɗe saboda gari na ganin amfaninta a gona da bakin rijiya. Ta zamanin Kunce ta yi manyan ayyuka, amma da yake linzaminta na hannun wani, ta tafi da tafiyarsa. Fada ta samari ce tsantsa, sai dai sau da yawa shayi kan ƙare ba a yanke komai ba. Ƙungiyar da za ta rayu sai ta zama ta mambobinta, da kuɗin karo-karonsu da littafin ma'aji da kowa zai iya dubawa, sannan ta riƙe aikin da za a nuna da yatsa.

Aikin kuwa ba ya ɓuya. Wanda ya iya ɗinki ko walda ko gyaran babur ko haɗa faranti mai aiki da hasken rana, ya ɗauki ƙanne biyu ya koya musu. Wadda ta yi karatu ta zauna da 'yan uwanta mata su koyi rubutu da lissafin asusu. Kafin damina a fita a haƙa rabin wata a fako, a bar sahun itatuwan da suka tsiro a gona. In rikici ya taso tsakanin manomi da makiyayi, matasa su zamo masu kai gaisuwa, kada su zamo masu ɗaukar sanda. Kuma duk ɗan siyasar da ya zo da kujeru da lasifika, a karɓe shi da mutunci, amma kada a ba shi linzami.

Ku je ku zauna da tsofaffin da suka yi samariya tun suna raye. Ku tambaye su wane aji suka gina, wace rijiya suka yashe, wa ya ci tara kuma don me. Ku rubuta, don na baya su samu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya haɗa kanmu a kan alheri. Amin.