Ƙasa ta Hukuma, Gini na Mai Gida: Tarihin Cinikin Gidaje a Birnin Kano

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin yadda ake saye da sayar da gida a birnin Kano, tun daga ƙarni na 19 zuwa yau. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, hukumomi uku sun mulki ƙasar birnin nan a cikin wannan lokaci, wato sarauta da Turawa da gwamnatin 'yan ƙasa, kuma dukkansu sun tsaya a kan magana ɗaya, cewa ƙasa tasu ce, abin da mai gida ya mallaka shi ne ginin da ke bisanta da haƙƙin zama a ciki. Amma duk da haka cinikin gida bai taɓa tsayawa ba. Abin da ya riƙe shi kuwa, a mafi yawan unguwanni, shi ne shaidar mai unguwa da maƙwabta. Daga wannan saɓani tsakanin abin da doka ta ce da abin da jama'a ke yi ne yawancin rigingimun gidaje na yau suka samo asali.

2.0 Kafin Zuwan Turawa

Lokacin da Barth ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da 30,000, ya ce kuma sukan kai 60,000 da rani idan fatake sun sauka. Ya lura har ila yau cewa babban yanki na cikin ganuwa fili ne da gonaki, gidaje sun taru ne daga gindin Dala zuwa kudu. Wannan yana da muhimmanci ga batunmu, domin inda fili ya yi yawa, daraja takan koma kan gini. Abin da ke cin kuɗi a lokacin shi ne tubali da azara da ladan magina, musamman ga mai son soro ko bene.

Ta fuskar shari'a, malaman Mazhabar Malikiyya suna ganin ƙasar da aka ci da yaƙi ta zama ta jama'ar Musulmi baki ɗaya, shugaba ne mai kula da ita a madadinsu. Bayan da masu jihadi suka karɓi Kano wajen 1807, wannan ra'ayi ya ƙarfafa tsohuwar al'adar da ke cewa ƙasa ta Sarki ce. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi musamman a kan ƙasa, mai suna Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a kan matacciyar ƙasa, kamar raya ta ko samun yanka daga shugaba.

To, a aikace, baƙo mai neman wurin zama yakan bi ta hannun maimasaukinsa zuwa ga mai unguwa, a kai gaisuwa, a nuna masa fili ko kango. Ta irin wannan hanya ce baƙi suka kafa unguwanninsu, kamar Tudun Nufawa da Ayagi da Zangon Barebari. Idan ya gina, ginin ya zama nasa, yana iya barin sa gado, ko ya ba da shi kyauta ko aro ko jingina, ko ya sayar da saninsu masu sarauta. Gidajen da ba sa shiga kasuwa su ne gidajen sarauta, waɗanda ke bin rawani duk inda ya faɗa. Gidan wanda ya mutu ba magaji kuwa, ko wanda ya tsere ya bar gari, yakan koma hannun Sarki.

Shi cinikin kansa baki da baki ake yin sa. Dillali ya haɗa mai saye da mai sayarwa, a taya, a yi albarka, a ƙara, har mai gida ya ce ya sallama. Sa'an nan a biya a gaban shaidu, a zagaya iyakoki, a nuna inda magudanar ruwa ta bi da katangar da aka yi tarayya da maƙwabci, dillali ya karɓi la'adarsa, a shafa fatiha. Wanda ya halarci wannan zama shi ne takardar gidan, domin shi za a kira gaban alƙali in gardama ta taso.

3.0 Zamanin Turawa: Kasuwa Ta Rabu Biyu

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Gwamna Lugga kuma ya bayyana cewa duk ikon da sarakuna ke da shi a kan ƙasa ya koma hannun Ingila. Wanda ya gaje shi, Girouard, ya sa aka kafa kwamitin binciken al'amuran ƙasa na Arewa a London a 1908. Daga rahoton kwamitin nan aka fitar da dokar 1910, aka sake tsara ta a 1916. Dokar ta ce dukkan ƙasar Arewa, wadda ake zaune a kai da wadda ba a zaune, tana ƙarƙashin Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa, kuma ba wanda ba ɗan ƙasa ba da zai samu haƙƙi a kanta sai da yardarsa. Masu wannan shawara sun ɗauka cewa Bahaushe bai san sayar da ƙasa ba, alhali kuwa shari'o'in majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914, waɗanda Christelow ya fassara ya buga, cike suke da ƙararraki a kan gidaje da gonaki da gado.

A daidai wannan lokaci ne jirgin ƙasa ya iso Kano, a 1911, cinikin gyaɗa kuma ya ɓarke daga 1912. Kamfanonin Turawa da Kwarori da ma'aikata daga Kudu suka yi ta kwarara, aka yanka musu wurare a bayan ganuwa. Aka kafa Sabon Gari wajen 1913, Turawa suka zauna Nasarawa da Bompai, Kwarori suka kama kudancin Fagge. A waɗannan wurare an auna fuloti, an ba shi lamba, an ba mai shi takardar izinin zama ta wasu shekaru ƙididdigaggu, yana biyan kuɗin ƙasa kowace shekara. A cikin birni kuwa al'amari ya ci gaba a hannun En'e, wato Sarki da wakilansa da masu unguwanni da alƙalai.

Ke nan tun daga nan Kano ta samu kasuwar gidaje iri biyu. Akwai ta takarda, wadda kamfani da banki suka yarda da ita, akwai kuma ta shaidu, wadda talakan birni ya sani. A Sabon Gari da Fagge ne kuma gida ya fara zama jari sosai, inda ake gina ɗakuna jere don haya kawai. A cikin birni, inda al'adar kulle da zumunci ke da ƙarfi, sayar da gidan gado abin kunya ne, akan ce wane ya cinye gidan ubansa.

Wani abin da ya nuna ƙarfin hannun sarauta a kan gida shi ne hukuncin Sarkin Kano Usman na 1923, wanda ya hana mata gadon gidaje da gonaki. Hukuncin nan ya yi aiki har shekara 31, sai a 1954 Sarki Muhammadu Sanusi ya soke shi ya mayar wa mata haƙƙinsu yadda shari'a ta tanada. Wannan ya shafi kasuwa kai tsaye. Gida guda ba ya yankuwa cikin sauƙi tsakanin 'ya'ya maza da mata da tumunin matan mamaci, saboda haka sai a yi masa ƙima, wanda ke da hali cikin magada ya biya sauran, in babu kuwa a sayar a raba kuɗin. Har yau rabon gado yana cikin manyan ƙofofin da gidajen cikin birni ke bi su fito kasuwa. Nan ne kuma hukuncin shufu'a ke shigowa, wanda a Mazhabar Malikiyya ya ba abokin tarayya a gidan da ba a raba ba damar karɓe kason da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, in ya biya daidai kuɗin. Maƙwabci ba shi da wannan dama a mazhabar, ko da yake a al'ada akan fara yi masa tayi don kyautata zama.

4.0 Daga Mulkin Kai Zuwa Dokar 1978

Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar ƙasa ta 1962, wadda a zahiri dokar 1916 ce aka sake wa riga, aka ɗauke iko daga Gwamna Bature aka ba minista. Amma garin ya riga ya fi ƙarfin dokar. Ƙidayar 1952 ta ba Kano kimanin mutum 130,000, ta 1963 ta ba ta kusan 300,000. An ɗauko Trevallion ya tsara fasalin birnin na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, sai dai yawan jama'a ya wuce lissafinsa tun wa'adin bai cika ba. Kafa Jihar Kano a 1967, da kuɗin man fetur, da ƙarin albashin Udoji na 1974, duk sun haifar da sabon rukunin masu neman gida, wato ma'aikata da 'yan kwangila da masu masana'antu.

Fulotin da gwamnati ke rabawa bai isa ko kusa ba, kuma galibi masu hanya ke samu. Sai jama'a suka juya ga manoman kewaye. Manomi ya ga gari ya matso gonarsa, ya san in gwamnati ta karɓa abin da zai samu kaɗan ne, sai ya kira dillali da mai unguwa a ja igiya a yayyanka gonar a sayar. Wannan shi ake kira awon igiya, kishiyar awon gwamnati. Da shi aka gina manyan sassa na Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi da Sheka, inda mutum ke samun wurin zama da araha, amma sau da yawa ba a bar wa hanya ko magudanar ruwa ko makaranta gurbi ba. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, mai lamba 6. Ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ta ce abin da mutum ke da shi haƙƙin zama ne kawai. Sashe na 22 ya hana sayar da wannan haƙƙi ko jinginar da shi sai da izinin Gwamna, sashe na 26 ya ce cinikin da aka yi ba bisa ƙa'idar dokar ba ɓatacce ne. Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon soke haƙƙin don amfanin jama'a, sashe na 29 kuma ya tsayar da diyya a kan abin da aka gina ko aka shuka. Ga mutanen Kudu wannan babban juyi ne. Ga mutumin Kano kuwa tsohon zance ne, domin daga dokokin Arewa aka samo tsarin. An saka dokar cikin tsarin mulkin 1979, tana nan kuma cikin na 1999, don haka gyara ta yake da wuya. A 1989 Kotun Ƙoli, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, ta tabbatar cewa har wanda ya mallaki gidansa tun kafin 1978 sai ya nemi izinin Gwamna kafin ya jinginar da shi.

5.0 Halin da Ake Ciki

Ƙidayar 2006 ta nuna ƙananan hukumomi takwas na birnin Kano da kewaye suna da mutum fiye da miliyan 2.8. Faɗuwar darajar naira, wadda ta soma tsananta daga 1986, ta sa mai 'yan kuɗi ya fi son ya binne su a fili ko gida. Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya da aka kafa a 1977, da Asusun Gidaje na Ƙasa na 1992 wanda ya ɗora wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa, ba su kai ga yawancin jama'a ba. Dalili shi ne suna neman takardar mallaka ta gwamnati da albashi tsayayye, ga kuma ƙyamar kuɗin ruwa da Musulmi ke yi. Saboda haka Bakano yakan sayi gida da kuɗi hannu, ko ya sayi fili ya yi ta gini sannu a hankali har shekaru.

Yadda ake cinikin kuwa bai yi nisa da na kakanni ba. Har yanzu dillali ke kai mutum, a ba da kafin alƙalami, a taru gaban mai unguwa. Abin da ya ƙaru shi ne takardar ciniki mai ɗauke da sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa ko dagaci, wani lokaci da na lauya. Ƙarfin wannan takarda ya dogara ne ga sanayya, sanayya kuwa tana raguwa a unguwar da kowa baƙo ne. Shi ya sa ake samun fili ɗaya an sayar wa mutum biyu, ko ɗaya daga magada ya sayar da gida ba da sanin 'yan'uwansa mata ba, ko marayu su girma su tarar shaidun ubansu duk sun rasu. Ita ma takardar gwamnati ba ta rufe ƙofar asara gaba ɗaya ba. Rushe-rushen da aka yi a Kano a watan Yuni na 2023, na gine-ginen da ke kan filayen da gwamnatin da ta gabata ta ba da, sun tuna wa kowa cewa hannun da ya ba da ƙasa yana iya karɓe ta.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa tun daga ƙarni na 19 ba a taɓa barin ƙasar Kano a hannun mai gida kacokan ba, kuma ba a taɓa iya hana shi sayar da gidansa ba. Dokokin 1910 da 1916 da 1962 da 1978 sun gina ofis da takarda, amma sun bar mafi yawan jama'a a wajen ƙofa, suka ci gaba da dogara ga mai unguwa da shaidu. Ra'ayinmu shi ne, gyaran da zai yi amfani shi ne wanda zai karɓi shaidar unguwa ya shigar da ita cikin rajistar hukuma da sauƙin kuɗi da na lokaci, ya kuma wajabta sa hannun dukkan magada, maza da mata, kafin a sayar da gidan gado. Daga ƙarshe muna kira ga malamai da ɗalibai masu nazarin tarihi da su himmatu wajen tattara tsofaffin takardun ciniki da kundayen alƙalai, na ajami da na Larabci da na boko, tun gara ba ta gama da su ba, domin a cikinsu ne za a samu farashin gidaje da sunayen unguwanni da iyakokinsu na kowane zamani.