Daga Kaset Zuwa Memori: Gane Kwafin da Ya Yi Shigar Asali

Sana'ar kwafar sauti a Birnin Kudu da Gwaram ta girmi wayar hannu, ta ma girmi jihar Jigawa da aka ƙirƙiro a 1991. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma da ya bazu a ƙasar Hausa sai Ƙofar Wambai a Kano ta zama matattarar masu sari, waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da karatun malamai suna gangarowa daga can zuwa ƙananan kasuwanni. A wancan zamani kwafi ba ya iya ɓoye kansa. Duk juyin da aka yi daga kaset zuwa kaset sai murya ta dusashe, shuu ya ƙaru, ko yaro ya san an sha juya shi.

MP3, wanda aka kammala tsara shi a farkon shekarun 1990 da gagarumin aikin cibiyar Fraunhofer ta Jamus, shi ya kawo ruɗani. Faifan CD yana ɗaukar kilobit 1,411 a daƙiƙa ɗaya, MP3 ɗin da masu tura waƙa a memori suka fi yayi kuwa 128 ne, kuma yana samun wannan ƙanƙanta ne ta hanyar zubar da sautin da ake ganin kunne ba zai nema ba. Abin da ya zube ya tafi ke nan. Ana iya mayar da fayil ɗin WAV ko FLAC, wato tsarukan da ba sa zubar da sauti, ya kumbura ya cika wuri, amma tsala ko an juye ta a sabuwar ƙwarya ba ta zama kindirmo. Shi ya sa nauyin fayil ba shaida ba ne. Shaidar tana cikin hoton amon, wanda manhaja irin Spek ke zanawa: sautin CD na iya kaiwa kilohaz 22, alhali wanda ya bi ta MP3 mai 128 yakan yanke ƙaf a wajen 16.

Za a ce tsofaffin kasusuwan ma ba su da wannan amo na sama, to ina bambancin? Na kaset a hankali yake siracewa, shuu kuma yana cike saman hoton. Na MP3 layi ne miƙaƙƙe, samansa wayam. Gwajin yana iya gazawa a kan MP3 mai 320, don haka dole a tambayi daga ina fayil ya fito. Za a kuma ce kunne ba ya jin bambancin. A lasifikar waya haka ne, amma ajiya ta 'yan baya ce, kuma duk sake matse fayil ƙarin asara ne. Shata ya rasu a 1999, ba mai sake ɗaukar muryarsa. Duk mai tsohon kaset a gida kada ya yar don an tura masa waƙar a waya. A naɗe shi kai tsaye zuwa WAV, a rubuta asalinsa, a kuma adana kaset ɗin.