Matsin Ɓawon Ƙasa: Darasin Japan da Iyakarsa a Shuɗin Nilu

Igiyar girgizar ƙasa mai kaɗa dutse gefe da gefe, in ta ratsa dutsen da tsage-tsagensa suka fuskanci waje ɗaya, rabuwa biyu take yi: ɗaya ta bi tsawon tsagar ta yi gaba, ɗaya ta makara. Kamar faskare ne, gatari ya fi saurin bin jijiyar itace. Masanin girgizar ƙasa Stuart Crampin ya daɗe yana kafa hujjar cewa matsi kan toshe tsagar da ta gitta masa, ya bar wadda ta bi hanyarsa a buɗe. Ke nan inda igiya mai sauri ta fuskanta, can matsi mafi ƙarfi ya dosa.

An jarraba wannan sosai a Japan, inda faifan Pasifik ke nutsewa ƙarƙashin tsibiran, musamman da aka kafa tashoshin Hi-net kusan 800 bayan girgizar Kobe ta 1995. Ko a can ba ko'ina ƙa'idar ke ci ba. Daf da manyan karayar ƙasa, igiyar kan bi shimfiɗar dutsen, ba ruwanta da matsin.

A ganina wannan togaciyar ce ta fi shafar Wad Haddad da ƙauyukan Hausawa na Jazira, a Sudan. Yau babu faifan da ke nutsewa a Sudan. Bahar Maliya ma buɗewa take yi. Amma duwatsun gabashin ƙasar irin wannan nutsewar ce ta haife su, lokacin da jerin tsibirai suka yi ta karo suna mannewa, fiye da shekara miliyan 550 da suka wuce. Duwatsun Ingasana, kusa da Damazin, inda ake haƙar kuromat, ɓaraguzan ƙasan tekun wancan zamanin ne. Daga baya ƙasa ta tsage a ƙarƙashin kwarin Shuɗin Nilu, yashi da laka suka cike ramin. Saboda haka wanda ya auna rabuwar igiya a nan ya ce matsin yau ya gani, ya yi garaje; mai yiwuwa tabon tsohon karo ya auna.

Ba muhawarar malamai kawai ba ce. Girgiza ta taɓa Khartum a Agustan 1993, ga kuma madatsun Sinnar ta 1925 da Rusairis ta 1966 a kan kogin. Bambance matsi da tabo na buƙatar ƙananan girgiza daga ƙarƙashin na'urar kusan kai tsaye, da tashoshi a kan tsandaurin dutse irin na Jabal Moya, ba a baƙar lakar Jazira mai dardarewa da rani ba.