Azara da Gara: Yadda Maginan Dā Suka Tsare Rufin Soro

Duk wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya ya ɗaga kai, abin da zai fara ɗauke masa hankali shi ne bakan gizo da ɗaurin guga na rufinsa. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830. Amma ƙasar da ake gani ba ita kaɗai ke riƙe da ginin ba. A cikinta akwai azara, kuma da a ce wani icen banza aka sa, da gara ta gama da shi tun kafin zuwan Turawa.

Azara daga giginya ake tsaga ta, kuma magina sun fi son namijin giginya da ya tsufa. Ɓangaren waje na kututturen shi ne mai tauri da baƙin zare, wanda gara ba ta samun sauƙin ci, tsakiyar kuwa laushi gare ta, ba a rufi da ita. Matsalar azara ɗaya ce: idan tazara ta kai wajen mita biyu ba tokari, nauyin ƙasa yakan lanƙwasa ta. Wannan ne ya sa magina suka ƙware wajen jera ta hawa-hawa, suna ɗaurewa suna yaɓewa, har su haɗa baka mai rufe babban soro. Ashe kyawun da ake yabawa a fadojin Kano da Katsina da Zariya, wani ɓangarensa dabara ce ta aiki da icen da ya gagari gara.

A karkara ma hankalin ɗaya ne. Rumbu a kan duwatsu ake ɗora shi, don ya rabu da danshi, kuma mai shi ya riƙa ganin ƙarƙashinsa. Dirka kuwa, kirya ake nema.

Ganin nan shi ne babban makamin mutanen dā. Gara ba ta jure rana da busasshiyar iska, don haka sai ta gina wa kanta siririyar rufaffiyar hanya ta ƙasa, tun daga gindin bango har zuwa itace. Mai gida da ya ga wannan jan zane yana hawa bango ya san an yi baƙi. Sai ya kankare, ya dawo bayan kwana biyu. In an sake ginawa, to suna nan da ransu. Magini kuma yakan ƙwanƙwasa itace: lafiyayye amonsa a cike yake, wanda aka cinye kuwa sai ya yi ƙarar holoƙo, domin gara ciki take ci ta bar fatar waje. Da farkon damina, in shinge, wato gara mai fukafukai, ya fito daga tsagar bango ko ƙasan ɗaki ya zubar da fukafukai, ba daga dawa ya zo ba, gidan garar na nan kusa.

Da layin dogo ya iso Kano a 1911, kwano da siminti da katakon da aka yanka a kudu suka fara samun hanya. Sannu a hankali kafinta ya karɓe aikin rufi daga hannun magini. Farin katako ya fi araha da sauƙin ƙusa, amma abincin gara ne, shi ya sa ake shafa masa baƙin mai ko maganin ƙwari. Sai kuma silin ya zo ya rufe komai. Nan ne aka yi asara mai yawa, domin a soro hanyar gara a fili take, katakon zamani kuwa sai ƙofa ta fara cijewa, fenti ya kumbura, ko silin ya yi ciki kafin a farga.

Giginya ta yi ƙaranci, kuma tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa tsagawa, saboda haka ba kowa ne zai koma ga azara ba. Amma duba gida bai fi ƙarfin kowa ba. Mai gida ya kwashe itacen girki daga jikin bango, ya gyara famfon da ke yoyo, ya bar ƙofar leƙa silin, ya kuma zagaya da tocila yana ƙwanƙwasa katako kafin ruwan farko ya sauka.