XMODEM: Yadda Fayil Ya Fara Bin Layin Tarho

A shekarar 1977 masu ƙananan kwamfutoci a Amurka ba su da yawa, kuma galibinsu da hannunsu suka harhaɗa su. In mutum ya rubuta manhaja yana son abokinsa ya samu, sai ya kwafa a faifai ko a kaset ya kai masa. Akwai modem, na'urar da ke juya bayanan kwamfuta su koma sauti don su bi layin tarho, sai dai layin don muryar ɗan Adam aka shimfiɗa shi. Ɗan ƙaran da mai magana ba zai ma lura da shi ba yana iya sauya harafi guda, harafi guda kuwa ya isa ya lalata manhaja baki ɗaya.

Ward Christensen, ma'aikacin IBM mazaunin yankin Shikago, shi ya zauna ya nemo mafita a wannan shekarar. Ya rubuta wata 'yar manhaja mai suna MODEM.ASM domin kwamfutocin da ke aiki da tsarin CP/M. Daga baya Keith Petersen ya yi mata gyara ya kira ta XMODEM, sunan kuma ya bi ta.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Ana yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa bayit 128, domin haka CP/M ke auna rubutu a kan faifai. A gaban gunduwar akwai alamar farawa, sai lambarta, sai kishiyar lambar don a tabbatar ba ta gurɓace a hanya ba. A bayanta kuma ana lissafa jimlar duk bayit ɗin a manna sakamakon a bayit guda. Kwamfutar da ke karɓa za ta yi nata lissafin. In ya zo daidai ta aika ACK, wato ta karɓa. In bai zo ba ta aika NAK, a sake turo wannan gunduwar kaɗai. Kamar masu miƙa bulo a wurin gini ne, ba a jefa na biyu sai na sama ya nuna ya cafe na farko. A modem mai gudun bit 300 a daƙiƙa, wajen harafi 30 ke nan, gunduwa ɗaya takan ci daƙiƙa huɗu da ɗoriya, saboda haka maimaita ɗaya bai kai asarar maimaita fayil ɗungurungum ba.

A ganina babban abin da Christensen ya yi shi ne sakin manhajar kyauta, kowa ya ɗauka ya gyara yadda yake so. A watan Janairun 1978 guguwar dusar ƙanƙara ta tsare mutanen Shikago a gida, shi da Randy Suess suka yi amfani da zaman wajen gina CBBS, allon sanarwa na kwamfuta da ake kira ta tarho, wanda ya fara aiki ranar 16 ga Fabrairu. Da irin waɗannan alluna suka yaɗu, XMODEM ta zama hanyar da kwamfutoci mabambanta ke musayar fayil.

Rauninta bai ɓuya ba. Kuskure biyu na iya soke juna a lissafin jimla, sai gunduwar da ta lalace ta wuce, shi ya sa aka ƙaro lissafin CRC mai bit 16. Ba ta aika sunan fayil ko girmansa, kuma takan cike gurbin gunduwar ƙarshe da ciko. Da modem suka ƙara sauri, jiran amsa bayan kowace gunduwa ya zama ɓata lokaci, kuma kuɗin tarho na tafiya. Sai wasu hanyoyin aika fayil suka biyo baya: Jami'ar Columbia ta fito da Kermit a 1981. Chuck Forsberg ya yi YMODEM mai gunduwar bayit 1024 da aika fayiloli da yawa a jere, sannan ZMODEM a 1986, wadda ke turawa ba tsayawa, in layi ya katse kuma ta ci gaba daga inda aka tsaya.

Intanet ta kawar da galibin allunan sanarwa a shekarun 1990, kuma Christensen ya rasu a watan Oktoban 2024 yana da shekara 78. Duk da haka XMODEM tana nan tana aiki. Saboda ƙanƙantarta ana iya cusa ta cikin na'urar da ba ta da wurin ajiya sosai, kuma har yau in manhajar wasu na'urorin sadarwa na Cisco ta lalace, injiniya yakan jona waya ya loda sabuwa ta XMODEM.