Takobin da Ba Namu Ba, da Hoton da Ke Cikin Akwati

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna zaune a zauren maigidana a nan Anloga, sai wani saurayi cikin jikokin gidan ya durƙusa ya miƙa masa waya. "Baba, ga kakanninmu," in ji shi. Tsohon hoto ne na waɗansu mazaje da garkuwoyi da takubba, an rubuta a ƙasa wai mayaƙan Hausawa ne a Kumasi. Dattijon ya gyara tabarau ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ɗana, a ina ka taɓa ganin takobin Bahaushe yana lanƙwasa kamar sawun maciji?"

Mutanen hoton Musulmi ne, amma na kudancin ƙasar Filifin, na tsibiran Mindanao da Sulu. Turawan Sifen suka laƙaba musu suna Moro, sunan da suke kiran Musulmin Andalus da shi. Takobin nan mai lanƙwasa sunansa kiris. Suna da kampilan, dogo mai faɗin baki, da barong mai siffar ganye. Sun yi ƙarnuka suna fafatawa da Sifen, daga baya da Amurka. A watan Maris na 1906 sojojin Amurka suka kashe ɗaruruwansu, har da mata da yara, a kan dutsen Bud Dajo, kuma an ɗauki hoton gawarwakin. Allah Ya jiƙansu. 'Yan'uwanmu ne a addini, amma ɗauke musu hoto a sa masa sunanmu zalunci ne gare su, ƙarya ce gare mu.

Takobinmu miƙaƙƙe ne, kaifi biyu, ana rataya shi a kafaɗa da hamila. Barde yana sa sulke da kwalkwali, dokinsa ya sha lifidi; dakaru na ƙasa suna da mashi da garkuwar fata da kwari da baka, kibiya kuwa da dafi. Da waɗannan aka tari Nasara a Kano da Sakkwato da Burmi a 1903. To amma doki ba ya daɗewa a kurmin Tonawa saboda ƙudan tsando, don haka rundunar 'yan lifida ba ta taɓa zama a Kumasi ba. Bahaushe ya shigo garin nan ta hanya uku: da fataucin goro, da allo da tawada, ko da bindigar Bature a kafaɗa.

Ta ukun ce ba mu son tunawa, ita ce kuma hotuna suka fi kamawa. A 1863 Kyaftin Glover ya kafa wata 'yar runduna a Ikko, mafi yawanta bayi ne 'yan Arewa da suka tsere wa iyayengijinsu. Aka kira su Hausawan Glover. Da Wolseley ya shiga Kumasi a Fabrairun 1874 ya sa mata wuta, akwai sojan Hausa a yaƙin. Suna nan a 1896 ranar da aka kama Sarki Prempeh na Ɗaya. Suna nan kuma a 1900, lokacin da Gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya, Yaa Asantewaa ta Ejisu ta ta da Tonawa suka kewaye ganuwar Turawa. A wannan tsarewa yunwa ta ci sojoji a ciki, ta ci fatake da iyalansu da suka fake a gindin bango, har rundunar Willcocks ta iso a tsakiyar Yuli. Ganuwar tana nan a tsakiyar gari, ita ce yau gidan tarihin soja, ba ta da nisa daga nan, amma samarinmu kaɗan ne suka taɓa leƙa ta.

Wanda ya duba hotunan wancan zamani zai ga jar dara a kai, gajeren wando, bindiga da banati, ƙafa ba takalmi. Bature yana zaune a kujera a tsakiya da cikakken sunansa a rubuce. Na bayansa kuwa "Hausawa" kawai. Ba ma duka ne Hausawa ba. Akwai Mosawa da Gurunsawa da Zabarmawa da Barebari, Hausa ce dai harshen bariki, sai sunan ya rufe kowa.

Ni dai ban ga abin kunya a nan da ya kai a ɓoye ba. Mutumin da aka sayar a kasuwar Salaga ko aka kora zuwa bakin teku, ya sami wanda ya ba shi albashi da bindiga, ba ni da bakin da zan yi masa hukunci daga kan tabarmata. Ban kuma ce abin alfahari ba ne, domin garin da aka ƙone shi ne ya karɓi jikokinsa. Sai dai a lura: tun a 1817 Bowdich ya tarar da malamai Musulmi a fadar Osei Bonsu, kuma rigar yaƙin sarakunan Tonawa cike take da layu. Wato a fagen nan rubutun malamanmu yana iya kasancewa a wuyan mai harbi da wuyan wanda ake harbi.

Da na gama faɗa wa yaron wannan, maigida ya aika aka ɗauko wani akwatin ƙarfe daga ɗakinsa. A ƙarƙashin tsofaffin takardun fili akwai hoto guda, danshi ya ci rabinsa: mutum tsaye da jar dara, ɗan ƙaramin laya ya leƙo ta wuyan rigarsa. Kakan maigida ne. A baya an yi rubutu da ajami, tawadar ta koɗe. Na iya karanta sunansa da kalmar "Bauci", sauran ya tafi. Na kwafe abin da ya rage a littafin zaure, yaron kuma ya ɗauki hoton da wayarsa, hannunsa na rawa.